Daga Konfileks Zuwa Dakuwa: Aikin Hutu Ga 'Ya'yanmu Na Kurmi

Ya 'yan uwa mazauna Kurmi, na Sabon Badun da na Agege da Idi-Araba, na Shagamu da Abekuta, har da na Ama Hausa ta Owerri da sauran zangunanmu. Maganar da nake tafe da ita yau ta ƙwalam da maƙulashe ce. Na san wani zai ce, duk abubuwan da suka dabaibaye mu, kuɗin haya da kuɗin makaranta da tsadar motar zuwa gida, sai maganar alewar yara? To mai karatu ya yi haƙuri ya biyo ni, domin a ganina akwai abin da ke salwanta a gidajenmu ba mu ankara ba, kuma a madafi yake salwanta.

Ga yadda abin yake. Da zarar Disamba ta raba tsakiya makarantun boko sun rufe, yara sun dawo mana gida na mako biyu ko uku. A can gida Arewa yaro ba ya rasa wurin zuwa: gidan kakanni, gidan gwaggo, ko bakin masussuka tunda an kawar da amfanin gona. Mu kuwa a nan galibinmu ɗaki ne da falo a gidan haya, tsakar gidan ta kowa da kowa ce, titi kuma ba wurin sakin ƙaramin yaro ba ne. Sai su ƙare a gaban talabijin ko su ƙwace wayar uwa. Maƙwabtanmu Kirista suna hidimar Kirsimeti, suna aiko mana da shinkafa da cincin kamar yadda mu ma muke aika musu da naman layya, a cikin waya kuma yara na kallon 'ya'yan Turawa suna cuɗa hatsin kwali da alewa suna fitar da siffofi iri-iri. Daga nan sai a ji, "Umma, mu ma a yi mana irin wannan." Amsarmu kuwa ba ta wuce biyu, ko dai tsawa, ko a miƙa kuɗi a ce a je kanti a sayo biskit. Ni dai ina ganin akwai ta uku da ta fi su: a ce su wanke hannu, a sauko da tire, a yi tare da su. A fara da na Turawan tunda shi suka gani kuma ya fi sauƙi, amma kada hutu ya ƙare ba a kai ga namu na gado ba.

Asalin na Turawan

Hatsin kwalin nan da ake sha da madara da safe, daga garin Battle Creek na jihar Mishigan a Amurka ya fito. Wasu 'yan uwa biyu, likita John Harvey Kellogg da ƙanensa Will Keith Kellogg, su suka gano hanyar lallatse dafaffen hatsi a gasa shi a 1894, da farko da alkama, daga baya da masara, wadda ita ce konfileks. A 1906 ƙanen ya kafa kamfaninsa, a 1928 kuma kamfanin ya fito da Rice Krispies, wato shinkafar da aka sarrafa ta kumbura ta yi garas-garas. A 1939 ne wasu mata biyu ma'aikatan kamfanin, Malitta Jensen da Mildred Day, suka fito da haɗin da ya zama ƙwalam ɗin yara a Amurka: babban cokali 3 na bota, ƙunshi ɗaya mai kimanin giram 280 na wata alewa mai laushi kamar auduga da suke kira mashmalo, da kofi 6 na hatsin. A narkar da bota da alewa, a juye hatsi a juya, a daddanna a tire, in ya huce a yanka. Shi ke nan. Lokacin Kirsimeti sukan sa masa koren launi, su yi shi da konfileks, su naɗa kamar gammo su ɗiɗɗiga jajayen alewa a kai. A Ingila kuma cakulan suke narkarwa su cuɗa da konfileks su zuba a 'yan ƙananan kofunan takarda.

Abin da ya sa haɗin ya shekara sama da 80 bai mutu ba, ba ya neman tanderun gashi, ba ya cin rabin sa'a, kuma yawancin aikin yaro zai iya. Wannan ya yi daidai da zamanmu, inda gida nawa ne ke da tanderu, wutar lantarki kuma ba ta da tabbas.

Sai dai akwai hanzari. Ita mashmalo da sinadarin jalatin ake ɗaure ta, shi kuwa jalatin daga fata da ƙasusuwan dabbobi ake fitar da shi, kuma mai yawa daga cikin wanda ke kasuwar duniya na fatar alade ne. Duk wanda zai saya a manyan kantuna ya duba bayan leda ya ga tambarin halal. Ni kam ba na ma wahalar neman ta, domin abin da take yi ɗauri ne da zaƙi, kuma zuma da gyaɗa da dabino duk suna yi.

Yadda nake haɗa nawa

Ma'aunina gwangwanin madara ne, tunda shi ne kowane gida ke da shi. Gwangwani 6 na konfileks, 1 na zuma, 1 na markaɗaɗɗiyar soyayyar gyaɗa wadda ba a matse mai ba, da rabin gwangwani na sukari. Babba ya ɗora zuma da sukari a wuta kaɗan, da zarar sukarin ya narke ya fara tafasa a ba shi kamar minti ɗaya a sauke, a zuba gyaɗa a juya har su haɗe. A juye kan konfileks a cikin babban kwano. Daga nan aiki ya koma hannun yara: su juya da muciya, su shafa wa tire mai, in ya sha iska su daddanna da bayan ludayi, ko su shafa mai a hannu su mulmula. Wanda ke son wata da tauraro ya yi, wanda ke son mota ya yi. Bayan sa'a guda ya kama jikinsa. A adana a mazubi mai murfi, saboda laimar Kurmi ba ta barin abu mai garas-garas ya kwana a buɗe, ko da yake hunturun Disamba yakan ɗan taimaka.

Ga ƙanana kuma akwai wanda ba ya neman wuta ko kaɗan. A cire ƙwallon dabino 20, a jiƙa a ruwan ɗumi na minti 15, a tsane a dama shi ya zama kamar tuwo. A zuba konfileks gwangwani 2 a leda mai tsabta a ba ɗan shekara uku ya murmushe, wannan aiki ne da ba ya gajiya da shi. A haɗa da gwangwani 1 na dakakkiyar gyaɗa, a mulmula, a mirgina a cikin kankararriyar kwakwa ko soyayyen riɗi. Kwakwa dai ba a nemanta da nisa a ƙasar Yarabawa. Wannan a cinye shi a ranar, don damshin dabino na saurin kashe masa garas-garas.

Namu na gado

Yanzu mai karatu ya sake duba abin da muka yi: gasasshen hatsi, abin ɗauri, abin zaƙi, a cura da hannu. Wannan ai dakuwa ce aka sa wa kwat. Tun kafin a san kwali iyayenmu ke soya masara ko gero a kasko, a niƙa a tankaɗe, a soya gyaɗa a murje a fece, a haɗa a turmi da sukari da ɗan gishiri da citta da barkono, a yi ta kirɓawa har man gyaɗar ya fito ya kama garin, sannan a mulmula. Gwangwani 2 na gari da 2 na gyaɗa da rabi na sukari sun ishi gida, in ta ƙi kamawa a ɗiga cokali ɗaya na man gyaɗa. Akwai kuma ta aya. Ga gumba, wadda ko wuta ba ta gani: a surfa gero a wanke a rege, a jiƙa a tsane, a daka da citta da kanumfari da sukari ko zuma, a cura. Ga nakiya, ta soyayyar shinkafa da zuma da man shanu da kayan ƙamshi, wadda ke daɗewa ba ta lalace ba, shi ya sa take cikin garar amarya. Ko ɗaya a cikinsu ba ya neman tanderu.

To ina suke a gidajenmu na Kurmi? Dakuwa tana nan, amma a kan titi. Maƙwabtanmu Yarabawa sun karɓe ta, suna ce mata donkwa ko tanfiri, ana tallarta a tasha da cunkoson motoci, kuma 'ya'yanmu da dama da wannan suna suka san ta. Ban ga laifin wanda ya ga abu mai kyau ya ɗauka ba. Abin da ke damuna shi ne a ce jikan mai abu ne ke saye bai san daga gidansu ta fito ba. Nakiya kuwa, yaro da yawa a rediyo kaɗai ya taɓa jin kalmar, ya san ta da fashewa, bai san ana ci ba. In za a aurar da 'ya, sai a yi waya Kano ko Zariya a sa a yi nakiya da alkaki da dubulan a ɗoro a mota, domin tsofaffin da suka iya a unguwa suna ƙarewa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Hausar kasuwa da Hausar madafi

Sabon Badun tun 1916 aka kafa shi, ya haura shekara 100 ke nan, kuma akwai gidajen da kakan kaka ma a nan aka haife shi. Wani masani mai suna Abner Cohen ya fitar da littafi a kan unguwar a 1969, inda ya nuna yadda cinikin goro da na shanu ya riƙe mutanenta wuri guda. Har gobe Hausar ciniki ba ta cikin haɗari a zangunanmu. Yaron Sabo ya iya taya da sallamawa, ya san la'ada, ya san albarka, ya iya gaisuwar masallaci. Wadda ke zubewa ita ce Hausar madafi. Surfe, bakace, sheƙa, tankaɗe, regaya, kirɓi, ribɗi, tsaki, dusa, faifai, rariya, taɓarya, kasko. Waɗannan kalmomi ba a koyon su a aji, ba a kuma jin su a fim sai jefi-jefi. Hannu ne ke koya wa baki su. Yarinyar da ba ta taɓa riƙe faifai ba, bakace ba shi da ma'ana a kunnenta, kuma ranar da ta je ganin dangi a Arewa aka ce ta bakace tsaki ta tsaya tana kallo, ranar za a fara ce mata 'yar Kurmi, ita kuma ta fara jin ba gidansu ta zo ba. Irin wannan ƙaramin abu ne ke sa yaro ya ƙi son zuwa gida, mu kuma mu zauna muna mamaki.

Na ga yadda gyaran yake da sauƙi lokacin da surukata ta zo mana daga Zariya. Ɗana ya shigo da ƙulli a hannu yana cewa, "Inna, ga donkwa na sayo miki." Ta kalle shi ta ce, "Maigida, me ka ce? Dakuwa sunanta, don dakawa ake yi. Maza ɗauko min turmin yajin uwarka in nuna maka, in ba haka ba yau ɗin nan na yi yaji." Ta juya ga ƙanwarsa ta ce, "Ke kuma kishiya, kawo faifai, ba zama za ki yi ina yi wa mijinki aiki ba." Kafin la'asar sun san murje da fece da kirɓi, ba wanda ya ce musu darasi ake yi. Ba kowa ke da kaka a kusa ba, amma a kowace unguwa akwai tsohuwar da za ta ji daɗi a aiko mata da yara da gyaɗa.

Masu cewa a'a

Akwai masu cewa konfileks abincin Bature ne, me ya kai mu koya wa yara kwaikwayo. Ni kuwa na ce masara ce, irin wadda ake nomawa a Saminaka da Funtuwa, kuma kamfanin Nasco da aka kafa a Jos tun 1963 ya daɗe yana yin ta a ƙasar nan. Bugu da ƙari, ita masarar asalinta Meziko, gyaɗa asalinta Kudancin Amurka, barkono ma daga can nahiyar ya zo, duk ba su iso Afirka ba sai bayan 1492. Wato kayan dakuwar ma baƙi ne da suka zo suka zauna har suka zama 'yan gida. In akwai waɗanda ya kamata su fahimci wannan, ai mu ne mazauna zango. Abin gudu shi ne yaro ya iya na wasu ya jahilci nasa, shi ya sa na ce konfileks ƙofa ce, ba masauki ba.

Akwai masu cewa tsada. Gaskiya ne kwalin konfileks ba na kullum ba ne ga mai ƙaramin ƙarfi. Wanda bai da hali ya yi da gugguru, haɗin zuma da gyaɗar nan yana kama ta sarai, ko ya wuce kai tsaye zuwa dakuwa, wadda kayanta suka fi araha kuma ta fi riƙe ciki.

Akwai iyaye mata masu cewa yara ɓarna suke yi, aikin minti 20 sai ya koma na sa'a biyu, ga shara ga wanke-wanke. Haka ne. Amma sa'a biyun nan su muke nema, ai ba mu rasa abin da za mu ba su su ci ba, abin da za su yi muka rasa. Shara da wanke-wanke kuma a sa su cikin aikin tun farko, wanda bai wanke kwano ba bai da rabo.

Sai iyaye maza masu cewa ɗa namiji ba ya shiga madafi. Malam, ka leƙa bakin titi da daddare. Mai shayi da mai tsire da mai balangu da mai kilishi duk maza ne, kuma da wannan sana'a aka san mu daga Ikko har Fatakwal, da ita aka gina gidaje aka je Makka. Yaron da ya iya auna gwangwani shida da ɗaya da rabi, ya ga abin da aka kashe da abin da ya fito, lissafi ya koya da tattali. In ma uba ya zauna ya karɓi taɓarya na minti biyar, yaran ba za su manta ba har su tsufa.

A kiyaye

Tafasasshen sukari da zuma sun fi ruwan zafi ƙuna domin suna manne wa fata, saboda haka duk abin da ya shafi wuta na babba ne, yara su matsa sai an sauke. Ba a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba zuma, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjinsa bai isa ya yaƙa ba. Ba a ba yaron da bai kai shekara 5 ba gyaɗa guda-guda ko gugguru, don gudun shaƙewa, a daka masa. A tsince gyaɗa da masara da kyau, duk wadda ta yi fumfuna ko ta canza launi a zubar, domin tana ɗauke da gubar afalatoksin mai lahanta hanta, kuma suya ba ta kawar da ita. Gumba tunda ɗanya ce, a yi ta da ruwa mai tsabta a cinye a ranar. In za a kai wa maƙwabta a faɗa musu akwai gyaɗa a ciki, don akwai yaran da jikinsu ba ya karɓarta, abin har yakan kai ga asibiti.

Maganar zaƙi kuma, a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a yini, in ya sauka ƙasa da kashi 5 ya fi, wato kimanin ƙaramin cokali 6 ga babba. Zuma ma a cikin lissafin take. Don haka curi ɗaya ko biyu bayan abinci ya isa, a kuma wanke baki kafin barci. Alherin yin abu a gida shi ne ke ce mai riƙe da cokali, kina iya ragewa, abin da ba ki da iko da shi a na kanti.

Kammalawa

Shawarata ga 'yan uwa ita ce a raba hutun nan uku. Makon farko a yi na konfileks ko na dabino, yara su saba da wanke hannu da awo da jiran abu ya huce. Mako na biyu a yi dakuwa, kowane aiki a kira shi da sunansa na Hausa, kowane kayan aiki haka. In da sauran kwanaki a nemi tsohuwar unguwa ta nuna gumba ko nakiya, a kai mata goronta. Kwanon da maƙwabta suka aiko da shi kuma kada a mayar da shi wayam, a zuba abin da yara suka yi da hannunsu, su kai da kansu, in an tambaye su mene ne su faɗi sunansa. In Sallah ta zagayo, yaran da suka koya a Disamba su za su cura wa 'yan yawon Sallah.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ba mu da ikon ɗauko Kano ko Katsina mu kawo wa 'ya'yanmu nan, amma turmin yaji da gwangwanin madara da yini guda ba su fi ƙarfin kowa ba. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya shirya mana su, Ya ba mu zaman lafiya da waɗanda muka tarar a garuruwansu.